Buɗaɗɗiyar manhajar tuƙa jirgi maras matuƙi: Asalinta, aikinta da abin da za ta iya yi a gonakin Bichi

Duk jirgi maras matuƙi da aka gani yana shawagi a saman filin hawan Sallah ko wurin ɗaurin aure, akwai wata 'yar kwamfuta a cikinsa da ba ta fi kwalin ashana girma sosai ba, kuma ita ce ke riƙe da shi a sama. Mutumin da ke ƙasa da rimot a hannu yana nuna inda yake so a nufa ne kawai. Daidaita jirgin don kada ya kife, da tsayar da shi wuri guda idan iska ta taso, da mayar da shi inda ya tashi idan batir ya yi ƙasa, duk aikin manhajar da ke cikin wannan kwamfuta ne.

Manhajojin iri biyu ne. Akwai rufaffiya, wadda kamfanin da ya ƙera jirgin ne kaɗai ya san abin da ke cikinta, kamar ta kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda jiragensa suka fi yawa a hannun masu ɗaukar hoto a Kano da sauran birane. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda aka baje rubutunta a intanet, kowa na iya sauke ta kyauta, ya karanta, ya gyara, ya ɗora ta a kan jirgin da ya harhaɗa da hannunsa. Biyu ne suka yi fice a wannan rukuni: ArduPilot da PX4.

Bambancin ya shafi ɗan kasuwar da ke tunanin shigo da jiragen feshi, ya kuma shafi ma'aikacin da takardar sayo su za ta biyo ta teburinsa, domin shi ke nuna ko jirgin da ya lalace za a iya tayar da shi a gida, ko kuwa zai kwanta a sito yana jiran kayan gyara daga waje.

Daga ina suka fito?

A 2007 ne Chris Anderson, wanda a lokacin yake editan mujallar Wired a Amurka, ya kafa wata ƙungiya ta masu sha'awar haɗa irin waɗannan jirage da kansu, mai suna DIY Drones. A nan ya haɗu da wani matashi ɗan ƙasar Meziko, Jordi Muñoz, wanda ya ciro na'urorin jin motsi daga rimot ɗin wasan Nintendo Wii ya daidaita wani ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da su. Sun gina aikinsu a kan Arduino, wani allon lantarki mai arha da aka ƙirƙira a Italiya domin ɗalibai, kuma daga nan sunan ArduPilot ya samo asali. A 2009 su biyun suka kafa kamfanin 3D Robotics domin sayar da allunan.

Manhajar ta girma ne a hannun masu aikin sa-kai daga ƙasashe daban-daban. Daga cikinsu akwai Andrew Tridgell na Ostareliya, wanda tun kafin nan ya yi suna da manhajar Samba, da Randy Mackay, wanda ya jagoranci ɓangaren jirage masu farfela da yawa, da Michael Oborne, wanda ya rubuta Mission Planner, manhajar da ake tsara wa jirgi hanya da ita a kwamfutar tafi-da-gidanka. A yau ArduPilot tana tuƙa jirgi mai fuka-fuki, da mai farfela huɗu ko shida, da motar ƙasa, da kwale-kwale, har da na'urar da ke nutsewa cikin ruwa.

PX4 kuwa daga jami'a ta fito. Lorenz Meier ya fara aikin da ya kira Pixhawk a 2008 yana ɗalibi a jami'ar ETH da ke Zurich a Suwizalan. A 2009 ya fitar da MAVLink, wato ƙa'idar da jirgi da kwamfutar da ke ƙasa suke aika wa juna saƙo da ita, wadda manhajojin biyu ke amfani da ita har gobe. Sunan Pixhawk daga baya ya koma sunan tsarin allon kansa, kuma da yake zanen allon ma a buɗe yake, kamfanoni da dama irin su Holybro da CUAV da CubePilot suna ƙera shi. Akwai wadda ta girme su duka, Paparazzi, da aka fara a 2003, wadda makarantar koyon harkokin jiragen sama ta birnin Toulouse a Faransa ke reno, sai dai ba ta yaɗu kamar su ba.

A 2014 ɓangarorin biyu suka shiga inuwa guda mai suna Dronecode a ƙarƙashin Gidauniyar Linux. Zaman bai yi tsawo ba, domin a 2016 ArduPilot ta fice, kuma batun lasisi na cikin abin da ya raba su. Lasisin ArduPilot, wato GPL kashi na 3, ya wajabta wa duk wanda ya gyara manhajar ya kuma sayar da jirgi da ita ya bai wa mai saye rubutun gyaran. Lasisin PX4, wato BSD, ya bai wa kamfani damar ɗaukar ta ya ƙara nasa ya rufe. Wannan na nufin jirgi na iya kasancewa an gina shi a kan PX4 amma mai shi bai da hanyar leƙa cikinsa. Mai saye da aka ce wa jirginsa na amfani da buɗaɗɗiyar manhaja, ya kamata ya tambaya wacce, kuma ko zai iya sauke ta daga tushe ya ɗora da kansa.

Yadda take aiki

Jirgi mai farfela huɗu ba zai iya tsayuwa a sama da kansa ba ko na daƙiƙa ɗaya. Sai ana ƙara wa wannan farfela gudu ana rage wa waccan ba ƙaƙƙautawa, kuma a ArduPilot ana maimaita wannan lissafi sau 400 a kowace daƙiƙa. Domin yin haka, allon na sauraren na'urori da dama: mai jin juyawar jirgi, da mai jin ƙarin gudu ko raguwarsa, da mai auna nauyin iska wadda ke nuna nisansa daga ƙasa, da kamfas mai nuna arewa, sai na'urar GPS da ke karɓar saƙon taurarin ɗan'adam.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan na'urori da ke faɗin gaskiya tsantsa. Mai jin juyawa tana da sauri amma tana zamewa a hankali. GPS ba ta zamewa, amma tana da jinkiri kuma takan yi kuskuren 'yan mitoci. Kamfas na ruɗewa kusa da ƙarfe, ko kwanon rufi, ko wayar wutar lantarki. Babban aikin manhajar shi ne ta saurari kowace, ta auna gwargwadon yadda za ta yarda da ita a wannan lokaci, ta fitar da ƙiyasi guda na inda jirgin yake da inda ya fuskanta, kamar alƙalin da ke haɗa maganar shaidu biyar da kowanne ya ga ɓangare. Shekarun da aka shafe ana gyara wannan lissafi, bayan faɗuwar jirage masu ɗimbin yawa a hannun masu gwaji, su ne ainihin dukiyar da ake bayarwa kyauta.

A kan wannan tushe ake ɗora sauran ayyuka. Ana zana iyakar fili a taswira, manhajar ta tsara layukan da jirgin zai bi yana kai da komowa kamar mai huɗa, ta faɗa wa kyamara inda za ta ɗauki hoto. Ana iya kafa masa shingen da ba a gani, wanda ba zai tsallaka ba. Ana faɗa masa abin da zai yi idan saƙon rimot ya yanke ko batir ya kusa ƙarewa. Kuma duk tashin da ya yi yana ajiye cikakken bayani, ta yadda idan ya faɗi za a iya gano ko farfela ce ta karye, ko batir ne ya gaza, ko kuwa laifin mai sarrafawa ne.

Gonakin Bichi ba irin na Kanada ba ne

Yawancin bidiyon tallar jiragen noma ana ɗaukar su ne a shimfiɗaɗɗun filaye masu amfanin gona iri ɗaya, babu itace babu gida. Bichi, da ke kimanin kilomita 40 arewa maso yamma da birnin Kano a kan hanyar Katsina, akasin haka ce. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum 277,099 a faɗin murabba'in kilomita 612, wato kimanin mutum 450 a kowane murabba'in kilomita, kuma an ƙaru tun daga lokacin. Irin wannan ƙasa ce masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazari a kanta a shekarun 1960 yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya: ana noma kusan kowane taƙi duk shekara babu hutu, ana riƙe ƙarfin ƙasa da takin dabbobi da shara, gado kuma na ƙara tsaga gonaki ƙanana. Gero da dawa da wake da gyaɗa a cuɗe suke a gona guda, ga gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiya, ga gidaje da rijiyoyi a kusa.

Itatuwan kaɗai sun isa misali. Idan saƙo ya yanke, jirgi mai amfani da ArduPilot yakan hau sama zuwa wani tsayi da aka ƙayyade, sannan ya miƙe zuwa inda ya tashi. Tsayin da manhajar ta daɗe tana zuwa da shi daga tushe mita 15 ne. Babban gawo ko kuka ko rimi na iya zarce haka. Wanda ya harhaɗa jirgi bai sauya wannan lamba ɗaya ba, zai iya tsintar kuɗinsa a rataye a reshe. Gawo ma yana da wata ɗabi'a da manomi ke so amma jirgi ba ya so: da damina yake zubar da ganye, daidai lokacin da aikin gona ke buƙatar jirgin, kuma siraran rassa marasa ganye na cikin abubuwan da na'urorin kauce wa karo suka fi wahalar gani.

Feshi shi ne aikin da aka fi tallatawa, kuma shi ne ya fi rashin dacewa da wannan ƙasa. ArduPilot na da tsarin da ke daidaita famfo da gudun jirgi, saboda haka matsalar ba ta manhaja ba ce. Matsalar ita ce maganin ciyawar da dawa ke jurewa, irin su 2,4-D, yana ƙona wake da gyaɗa, kuma feshin da aka saki daga sama iska na iya kai shi gonar maƙwabci, ko bakin rijiya, ko turken awaki. A gonar da faɗinta bai wuce taku talatin ko arba'in ba, babu sararin yin kuskure. Inda feshi ta sama zai iya biyan kuɗinsa shi ne filayen noman rani da ake shuka abu ɗaya a jere, kamar na madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, maƙwabciyar Bichi, ko na shinkafa a Kadawa da Kura, shi ma sai manoma sun haɗa kai an yi musu a rana guda.

Ɗaukar taswira ne aikin da ya fi ma'ana. Jirgin da ke tashi a tsayin mita 100 yana ɗaukar hotuna masu hawa kan juna, a haɗa su da wata buɗaɗɗiyar manhajar mai suna OpenDroneMap, a sami hoto guda na gonakin ƙauye da ke nuna abu mai girman 'yan santimita. Da shi malamin gona zai ga inda shuka ba ta fito ba, da inda wuta-wuta ta kama dawa, da inda zaizaya ke cin ƙasa. Da shi ƙungiyar manoma ko mai ba da rance zai san ainihin girman gonar da ake raba wa taki, maimakon dogaro da ƙiyasin baki. Dillalin hatsi a kasuwar Dawanau da ke ba manoma kuɗi kafin kaka, shi ma yana da dalilin son sanin haka. Manhajar da ke tuƙa jirgin kuma za ta iya tuƙa ƙaramin kwale-kwale mai na'urar auna zurfi, domin a san yawan laka da yashin da suka cike madatsa.

Sai dai a yi hattara da batun iyaka. GPS ta yau da kullum na iya yin kuskuren mita biyu ko uku, wanda a gonar gado ya isa ya raba 'yan'uwa. Akwai tsarin da ake kira RTK, mai amfani da na'ura ta biyu da aka kafa a ƙasa, da ke rage kuskuren zuwa 'yan santimita, kuma manhajojin biyu na karɓar sa, amma yana ƙara kuɗi. Ko da shi ma, hoton jirgi ba takardar mallaka ba ce. Awon da doka ta sani na mai awon ƙasa ne mai rajista, rajistar filaye a Kano kuma ta hukumar KANGIS ce. A ƙauye kuwa, layin lalle ko gamba ko aguwa da kakanni suka dasa, da shaidar mai unguwa da dagaci, ba su daina aiki ba.

Abin da ba kyauta ba

Manhajar ce kaɗai kyauta. Allo, da injinan farfela, da kyamara, da batir, duk da dala ake sayo su. Batir ne ke cin kuɗi a ɓoye: jirgi mai farfela huɗu yakan yi minti 20 zuwa 30 ne a sama, batirin kuma yana da iyakacin cajin da zai ɗauka kafin ya mutu, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Kano na gaggauta mutuwar tasa. Iska mai zafi kuma ba ta da kauri, don haka farfela na ƙara wahala kafin ta ɗaga kaya. Da hunturu ƙura na shiga injina, hazo kuma na dusashe hoto. Wanda zai yi aiki a ƙauyen da wuta ba ta tsayawa sai ya haɗa da janareto ko sola a lissafinsa.

Abu na biyu shi ne ƙwarewa. Rufaffen jirgi ana fitar da shi daga kwali a tashe shi a ranar. Buɗaɗɗen kuwa yana da ɗaruruwan lambobin saiti, kuma kusan duk bayanansa da Turanci suke. A nan ne masu sayen kayan gwamnati suka fi yin kuskure: a ware kuɗin na'ura, a manta da kuɗin horar da wanda zai riƙe ta shekara biyar. Amma hannun da zai yi aikin akwai shi. Matasan da ke cire ƙananan sassan waya su mayar a kasuwar waya ta Farm Centre sun riga sun iya abin da ya fi haɗa waɗannan alluna wuya. Ga Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya a cikin garin Bichi, ga Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero. Manhajojin biyu kuma na da tsarin kwaikwayo, inda ɗalibi zai tashi jirgi ya faɗar da shi sau ɗari a fuskar kwamfuta ba tare da ya sayi ko farfela ɗaya ba.

Doka da tsaro

Saukin samun manhajar bai sauƙaƙa doka ba. Tun a watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ta hana tashin irin waɗannan jirage ba tare da izininta da na Ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba. Shigo da su ƙasar ma na buƙatar takardar shaida daga wannan ofishi, wadda ke nuna wanda zai yi amfani da kayan. Jirgin da aka harhaɗa a gida bai fita daga hukuncin ba. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kada a wuce tsayin kimanin mita 120, kada jirgin ya ɓace wa idon mai sarrafa shi, kuma a nisanci filayen jiragen sama da barikoki.

Tsaurin yana da dalili. Manhajar da ke bin layin gona ba ta san abin da aka ɗaura wa jirgin ba. Rahotanni sun nuna an yi amfani da ArduPilot a harin da Yukiren ta kai wa sansanonin jiragen yaƙin Rasha ranar 1 ga Yunin 2025, duk da cewa ƙa'idar masu rubuta ta ta hana su taimaka wa aikin makami da saninsu. Lasisin kansa bai hana kowa komai ba. A gida kuma, mutanen karkara na da hujjar tsorata da abin da ke ƙugi a sama tun bayan abin da ya faru a Tudun Biri ta Jihar Kaduna ranar 3 ga Disambar 2023, inda jirgin soja maras matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a wurin Mauludi. Akwai kuma batun sutura: gidajen ƙauye a buɗe suke ta sama, kyamarar da ke ɗaukar gona za ta ɗauki tsakar gida da matan aure a ciki. Duk wanda zai tashi jirgi a irin wannan wuri, bayan takardun Abuja, sai ya fara da ƙofar dagaci da ofishin 'yan sanda, ya kuma zana hanyarsa ta kauce wa gidaje.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a ƙera irin waɗannan jirage. Rundunar Sojin Sama ta ƙaddamar da guda a Kaduna a Disambar 2013, wani kuma a Fabrairun 2018, kuma sunayen Hausa aka raɗa musu: Gulma da Tsaigumi. A Kadunan ne kuma kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitoci ta sama a 2022, amma da rufaffiyar manhajarsa.

Motoci da tarakta

A ɓangaren motoci masu tuƙa kansu ma akwai buɗaɗɗun manhajoji: Autoware da aka fara a Jami'ar Nagoya ta Japan a 2015, da openpilot ta kamfanin comma.ai da aka saki a 2016, da Apollo ta kamfanin Baidu na Sin a 2017. Biyu daga ciki na buƙatar na'urori masu tsada da taswirar titi mai zurfin bayani, openpilot kuma taimakon direba ce kawai a sababbin motoci, dole idonsa na kan hanya. Babu wadda aka gina domin titin da A Daidaita Sahu da babur da amalanke ke rabon hannu ɗaya.

Tarakta ta fi kusa. A 2015 wani manomi a lardin Manitoba na Kanada, Matt Reimer, ya ɗora allon Pixhawk a kan taraktarsa, ta riƙa jan tirelar hatsi zuwa wurin injin girbi babu kowa a kujera. Wani manomin a lardin Alberta, Brian Tischler, ya rubuta AgOpenGPS, wadda ke riƙe sitiyari a kan miƙaƙƙen layi yayin da direba ke zaune. A Bichi, inda taraktar haya ke shafe lokaci mai yawa tana juyawa a bakin gona ko tana kewaye itace, kuma garmar shanu ke yin aikin da kuɗi kaɗan, ribar ba ta da yawa. A manyan filayen shinkafa da alkama na kwarin Haɗeja da Kadawa, inda maimaita layin da aka riga aka bi ke cinye man dizal da iri da taki, lissafin na iya fitowa dabam.